Bukar Biyu a Hanyar Hartum

Wasiƙar kwalejin ta iso Potiskum a makare, har ta yi laushi don yawon hannu. An ɗauke ni karatun likitan dabbobi a Hartum ta ƙasar Sudan, amma a ƙasan takardar an ja layi ƙarƙashin magana ɗaya: duk wanda bai zo da kansa ya sa hannu a rajista ba kafin a buɗe zangon karatu, za a ba wani gurbinsa. Na ƙirga da yatsu, kwana arba'in da biyu suka rage mini. A lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, jirgin sama kuwa na manya ne. Ni takardar shiga mota aka ba ni, in bi hanyar da alhazai ke bi ta ƙasar Faransawa, ga damina a bakin ƙofa.

Sun aiko da jerin abin da zan tanada: fasfo, katin rigakafin agana da na shawara, hotuna, farar rigar aiki, rufaffen takalmi, da takardun duk makarantun da na yi. Ban da fasfo da katin, waɗanda sai a Yerwa, babban birnin lardinmu, ake yi, cikin mako guda na haɗa komai, don ni mutum ne mai son a ce ya iya tsari. Abin da ya gagare ni tsarawa shi ne sunan da ke kan takardun, don ba nawa ba ne.

Sunan da aka raɗa mini Dauda. Mahaifina, Baba Gimba, Bangizime ne, manomi a ƙauyen Danchuwa, kuma shi ke kula da shanun wani attajirin Babarbare da ke unguwar Yindiski a cikin Potiskum, Alhaji Modu. Shekarar da hakimi ya sa a karɓi yaro daga kowane babban gida a kai makarantar boko, sunan da aka rubuta a gidan Alhaji na ɗansa Bukar ne, tsarana. A zamanin nan ba mai ba da ɗan cikinsa in yana da yadda zai yi. Alhaji ya aika Danchuwa aka zo da ni, aka yi mini aski, aka sa mini rigar Bukar, aka ce in malam ya kira Bukar Modu in ce na'am. Na ce na'am. Haka na yi ta cewa shekara goma sha biyar, tun daga elementare har na kama aiki a ofishin dabbobi da ke bakin Kasuwar Shanu. Kowa a garin ya san zancen, ba kuma wanda ya ɗauke shi abin magana, don ba gidan Alhaji kaɗai ya yi haka ba. Ni ake ce wa Bukar Boko, shi kuma Bukar Shanu, don ya gaji ubansa a fatauci.

Na so ƙwarai a ce fasfo ya fito da sunan Dauda Gimba. Da na tambaya a ofis aka ce dole takardu su yi daidai da juna, gyara kuwa sai an rubuta Kaduna, amsa ta yi wata uku. Na je Danchuwa na gaya wa Baba cewa ko a fasfo ma sunan Alhaji za a sa a gurbin uba. Yana gyaran ƙotar fartanya, bai ko ɗago ba. Can ya ce, "Takarda ce ai. Ni na san wanda na haifa." Raina ya sosu da yadda ya ɗauki abin da sauƙi, na koma gari ina jin haushinsa.

Alhaji ne ya haɗa ni tafiya da Bukar. Bukar zai je Abashe ta ƙasar Wadai sayen shanu kafin ruwa ya rufe hanya, Alhaji ya ce gara mu tafi tare. Ban ji daɗi ba. Ba ma shiri sosai ni da Bukar. Shi yana kirana Likita da wani irin murmushi da ke nufin ko tunkiya ban taɓa warkarwa ba, ni kuma ina kallonsa mutumin da dangwalen yatsa ne sa hannunsa. Ina jin Turanci a lokacin, kuma ina so kowa ya san ina ji.

A Yerwa na kwana biyar ina bin layi. Allurar shawara ta kumbura mini hannu har ba na iya ɗaga akwatina, Bukar ya riƙa ɗauka yana yi mini tsiya, wai likitan da allura ta kayar. A rana ta biyar fasfo ya fito da hotona a ciki, na sha mur kamar wani alƙali. A ƙasa an rubuta Bukar Modu, ɗan Modu, unguwar Yindiski, Potiskum.

Daga nan sai Fallomi, babban garin Faransawa, wanda sai an haye kogi da jirgin fito. Masu gadin mashigar duk sun san Bukar, ya yi musu gaisuwar Barbarci, "wushe, wushe," ya wuce, ba wanda ya nemi takardarsa. Ni na shiga layin masu fasfo ni kaɗai. Ina fitowa wani mutum ya tare ni, da farar kwat da jakar hannu da hatimi a rataye a wuya. Ya yi mini Turanci mai kyau, ya ce katin rigakafin Ingilishi ba ya aiki a ƙasar Faransa sai an sake buga masa hatimi, in kawo da fasfon in jira a inuwa. Turancin ne ya ruɗe ni. Na miƙa masa, har da godiya.

Bukar ya dawo daga sayen goro ya tarar da ni a tsaye hannu biyu a aljihu.

"Ina fasfonka?"

Na nuna masa bayan mutumin, ya kusa shan kwana. Ban taɓa sanin Bukar na iya gudu haka ba. Ya watsar da goron, ya cim masa a bakin wata rumfa, ya shaƙe masa wuyan kwat har sai da jakar ta faɗi ta buɗe. Fasfo sun fi biyar a ciki. Ashe sayar da su ake yi wa mahajjatan da ba su da takarda, a ɓamɓare hoto a manna wani. Bukar ya ɗauko nawa ya buga mini a ƙirji yana haki.

"Duk karatun nan naka ba a gaya maka ɓarawo ma yana sa kwat ba?"

Ban ce masa na gode ba. Kunya ta hana ni, girman kai kuma ya taya ta.

Mun kwana huɗu kafin mu sami mota. Ta wani Bashuwa ce, ta sha lodin sukari da ganyen shayi, mu fasinjoji muna can sama kan buhuna. Direban ya gaya mana tun a tasha cewa ita ce ta ƙarshe da za ta yi gabas a bana, in ta wuce sai raƙumi, shi ma sai ƙoramu sun janye. Tafiyar kwana biyar muka yi a kwana tara. Ruwan farko ya same mu a rana ta uku, ƙasar wurin kuwa baƙa ce mai danƙo, mota ta nutse har gindi. Mu sauka, mu sari rassa, mu shimfiɗa, mu tura, ta yi taku ɗari ta sake zama. Rufaffen takalmin da na saya don shiga aji a nan ya mutu. Duk safiya ina buɗe ɗan littafina in soke rana ɗaya.

Ƙanshin ƙasar da ruwa ya daka shi ya fi damuna. Da na shaƙe shi sai in ga Danchuwa, in ga Baba yana saran shuka shi kaɗai, ba mai bin bayansa da iri. Wata tsohuwar Bafillata da ke motar, Inna Hajjo, wadda ta kama hanyar Makka da ƙullin kayanta guda, ta lura ba na cin abinci sosai. Ba ta tambaye ni komai ba. Kullum in ta dama furarta sai ta turo mini ƙwaryar da ƙafa, tana kallon wani wajen.

Mun isa Abashe ranar Litinin da hantsi, saura kwana goma sha biyar a buɗe zango. A bakin garin akwai shinge da wani ɗan ofis na Faransawa. Al'adar direbobin hanyar ita ce direba ya tattara takardun fasinjoji duka ya shiga da su a buga hatimi, don kada a ɓata lokaci. Ya cire hularsa ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Na jefa fasfona, Bukar da ke gefena ya jefa takardarsa ta fatauci a kai. Wallahi ko a raina ban kawo komai ba, shi ma haka. Mun saba zama gari ɗaya da suna ɗaya, ba wanda ya taɓa ko ɗaga gira.

Ba a jima ba wani sojan gadi ya fito ya ƙwala kira, "Bukar Modu!"

Muka miƙe mu biyu. Sai a lokacin na gane abin da muka yi.

A ciki akwai Kumandan, wani jan Bafaranshe da gumi ya jiƙa wa riga, ya jera takardun nan biyu a kan tebur. A gefensa tafinta ne a tsaye, dattijon Babarbare mai farin gemu, ana ce masa Malam Kyari. A kan wata 'yar kanta bayansu akwai Alƙur'ani a cikin gafaka, wanda ake rantsar da mutane da shi.

Tafinta ya ce, "Wane ne Bukar Modu a cikinku?"

Muka ce, "Ni ne," baki ɗaya.

"Ɗan Modu na Yindiski?"

Muka dubi juna.

"Modu 'ya'ya biyu ya raɗa wa Bukar a shekara ɗaya?"

Na buɗe baki na soma zuba Turanci, ina bayanin kwaleji da zangon karatu. Kumandan ko kallona bai yi ba. Malam Kyari ya zagayo teburin, ya tsaya gaban Bukar ya dubi fuskarsa, sannan ya dawo gabana ya daɗe yana duban tawa. Ya yi mini Barbarci, na amsa masa da ɗan wanda na tsinta a kasuwa. Ya girgiza kai.

"Wancan tsagen Barebari ne a fuskarsa, tun daga goshi," in ji shi. "Kai kuwa askar Ngizimawa ce. Wanzamin gidan Modu bai taɓa fuskar nan ba, yaro."

Abin da ba Baturen da ya taɓa gani a shekara goma sha biyar, dattijon nan ya karanta shi kafin in haɗiye yawu. Ya juya ya yi wa Kumandan bayani. Kumandan ya buga tebur ya yi magana mai tsawo, tafinta ya taƙaita mana. An gaji da masu yawo da takardun wasu a hanyar nan. Ɗaya daga cikinmu maƙaryaci ne. In ba a san ko wane ne ba, za a aika takardun biyu wa Ingilishi a Yerwa su bincika, mu kuwa mu zauna a tsare har amsa ta zo.

Na san ma'anar wannan. Amsa ba za ta zo ba sai bayan damina, zango ya daɗe da buɗewa. In kuwa ta zo, gaskiya za ta kawo: an yaudari hakimi, an yi karatu da sunan wani, an ba da gurbin kwaleji ga wanda ba shi ba ne a takarda. Ba Hartum kaɗai zan rasa ba, har aikina na ofis.

Aka kai mu wani ɗakin ƙasa a bayan ofishin, ƙofarsa a buɗe amma da soja a bakinta. Bukar ya gwada abin da ya saba, ya ciro goro fari tas ya miƙa wa Malam Kyari da ya leƙo, da ladabi, yana ce masa Baba. Dattijon ya dubi goron ya dube shi, ya ce ya mayar aljihu kafin ya ƙara wa kansa laifi. Ranar Talata direba ya zo ta taga ya ce zai jira kasuwa ta ci, amma ran Alhamis da hantsi zai tashi ko da mu ko ba mu, don hadari yana haɗuwa kullum a gabas, in babbar ƙoramar da ke gaba ta kawo shi ma ya zauna ke nan. Inna Hajjo ta aiko da fura ta hannunsa. Ban iya sha ba.

Ranar Laraba da la'asar na fashe. Bukar yana zaune ya jingina da bango yana cin goronsa kamar a rumfar kasuwa, wannan natsuwar tasa ce ta tunzura ni. Na gaya masa maganganun da na daɗe ina ajiyewa. Na ce ubansa ya ƙwace mini suna don ya ceci ɗansa daga bulalar malamai. Na ce ni na sha dukan, ni na sha yunwar makarantar kwana, ni na yi shekaru ina amsa sunan wani kamar bawa, yanzu da abin ya zo zai yi amfani, shi ne zai tsaya mini a hanya da wata takardar shanu. Na ce a je a gaya wa Kumandan gaskiya kowa ya rasa.

Ya bar ni na gama. Ya tofar da tuƙar goron a gefe.

"Dauda," ya ce. Rabon da ya kira ni haka tun muna yara. "Ran da aka kai ka makaranta, ka san ina ina?"

Na ce ban sani ba, ban kuma damu ba.

"Ina bayanku. Na bi ku har ƙofa. Na ji malam ya kira sunana, na ga ka shiga da rigata. Na tsaya ina kuka in shiga, Baba ya zo ya kama ni, ya yi mini dukan da na kwana uku ban zauna ba. Kai kana ganin an cece ni. Ni ban taɓa ganin haka ba."

Ya share ƙasa da tafin hannunsa, ya miƙo mini wani tsinke.

"Rubuta mini shi in gani. Ina ganinsa a takarda, amma ban san inda ya fara da inda ya ƙare ba."

Na rubuta masa Bukar Modu da manyan baƙaƙe. Ya daɗe yana kallo, ya bi da yatsa a hankali, ya tambaye ni wanne ne Bukar wanne ne Modu. Na nuna masa. Ya ce, "Ashe gajere ne."

Da safe ranar Alhamis aka sake shigar da mu. Ta taga ina jin direba yana zuba ruwa a mota, fasinjoji suna hawa. Na shirya zan faɗi gaskiya, don ban ga wata hanya ba. Tafinta bai gama tambaya ba Bukar ya durƙusa a ƙasa, ya cire hularsa. Ban taɓa ganinsa ya durƙusa wa kowa ba sai ubansa.

"Ranka ya daɗe, ni ne maƙaryacin," ya ce. "Sunana Ali. Bara ne ni a gidan Alhaji Modu, ni nake koro masa shanu. Na karɓi takarda da sunan ɗan maigida don a riƙa ganin girmana a kasuwa. Wannan shi ne Bukar."

Malam Kyari bai fassara nan da nan ba. Ya ce, "Fuskar fa?"

"Uwarsa Bangizima ce, Baba. A gidan kakansa aka haife shi, can aka yi masa aska kafin Alhaji ya dawo daga fatauci. Har yau Alhaji bai daina faɗa a kai ba."

Dattijon ya dube shi, ya dube ni. Na ga idonsa ya kai kan kantar nan da Alƙur'ani yake. Kalma ɗaya zai faɗa wa Kumandan a sauko da shi, kuma ya sani, mun sani, ba wanda zai dafa a cikinmu. Ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya juya ya yi Faransanci, murya ba hawa ba sauka, bai ko sake waiwayar kantar ba.

Kumandan ya nuna ni da alƙalami. Tafinta ya ce, "Yana tambaya, wannan mutumin baran ubanka ne?"

Bukar yana durƙushe, kansa a ƙasa. Ɗan Alhaji Modu ne, wanda ubana ke yi wa ubansa kiwo. A waje direba ya danna ham sau biyu.

Na ce, "E, baranmu ne."

"Wane ne ubanka?"

Na ce, "Modu."

Na sha rubuta haka a takarda, amma ban taɓa faɗa da bakina ba sai ranar. Kumandan ya ɗauki takardar Bukar ya yayyaga ta, ya buga wa fasfona hatimi ya wurgo mini. Aka yanke wa Bukar kwana arba'in yana aikin gyaran hanya, sannan a mayar da shi iyaka, kada a sake ganinsa a ƙasar. Soja ya sa ƙafa ya ture shi ya ce ya tashi. Na ga wannan da idona, ina tsaye da fasfo a hannu, ban ce uffan ba.

A bakin ƙofa Malam Kyari ya tsayar da ni. Na soma yi masa godiya, ya ɗaga hannu.

"Abin da aka faɗa na fassara, aikina ke nan. Kada ka gode mini. Ka san wanda za ka gode wa."

An riga an sa Bukar a layin fursunoni a bayan shingen waya, an ba shi kwandon ɗibar tsakuwa. Na ruga wurin. Na ce masa zan koma ciki in warware, ba zan iya tafiya a haka ba. Ya harare ni irin hararar da ya yi mini a Fallomi.

"Ka koma ka ce me? Mu zauna mu biyu? Wuce ka hau mota, Likita, kada ka sa in yi durƙuson banza."

Na ce, "Me zan gaya wa Baba Alhaji?"

"Ba abin da za ka gaya masa. In ya ji na ce ni bara ne a gaban Nasara, baƙin ciki zai kashe shi. Zan ce zazzaɓi ya kwantar da ni." Ya gyara kwandon a kansa. "Ka riƙe sunan da kyau. Ni ban yi komai da shi ba sai sayen shanu."

Soja ya daka musu tsawa suka wuce. Daga baya na ji ya cika kwana arba'in ɗinsa cif, ya koma Potiskum a rame ba ko saniya ɗaya, kuma bai sake taka ƙasar Wadai ba, inda nan ne kasuwarsa. Zancen zazzaɓin nan shi ya riƙe har Alhaji ya rasu, har shi Bukar ɗin ma ya bi shi. Shi ya sa sai yanzu nake rubutawa.

Mun haye babbar ƙoramar da yamma ruwa yana gwiwa. Muna hawa gaɓar can muka ji rugugi, muka waiwaya, ta kawo har ta shafe inda tayoyinmu suka bi. Fasinjoji suka yi ta kabbara. Ni ina zaune kan buhun sukari, wurin Bukar a gefena ba kowa, ina kuka kamar ƙaramin yaro, ba na ko ɓoyewa. Kwana biyu ban sa komai a bakina ba. A rana ta uku Inna Hajjo ba ta turo ƙwaryar da ƙafa ba, ta taso ta dire mini ita a cinya.

"Sha, ɗan nan," ta ce. "Wanda ya zauna dominka bai zauna don ka mutu a hanya ba."

Na sha. A Janena muka shiga ƙasar Sudan, wani ma'aikaci ya buɗe fasfon ya rufe bai ko dubi fuskata ba. Muka sake mota a Fashir, wadda ta fi ta farko lalacewa, ta ci mana kwana biyu a daji ana ɗaurin wani ƙarfe da igiya. A Lubayya, inda ake shiga jirgin ƙasa, na rabu da Inna Hajjo, ta tsaya neman aikin da za ta yi guzurin gaba, ta shafa mini kai ta yi mini addu'a da Fillanci. Na shiga jirgin ƙasa da rana biyu a littafina ban soke ba. Na sauka Hartum saura ɗaya, da silifa a ƙafa da farar rigar aikin da ta zama ruwan ƙasa a cikin akwati.

Ofishin rajista wata doguwar baranda ce da benci. Na miƙa takarduna ta taga, aka ce in zauna a kira ni. Ɗalibai sun cika wurin, Sudawa da wasu baƙi irina, kowa da sabuwar riga. Na zauna kusa da wani dogon saurayi da ya leƙa fasfona lokacin da nake miƙawa, ya yi mini murmushi. Ba a daɗe ba akawu ya leƙo ya kira, "Bukar Modu!"

Na waiwaya ina neman Bukar. Wallahi na waiwaya, na duba ƙarshen barandar, ina jiran in ga ya taso da goro a baki. Akawu ya sake kira. Ya kira na uku, ya soma jan takardar wani. Saurayin nan ya zungure ni da gwiwar hannu, ya ce da Turanci, "Ba sunanka ba ne?"

Na ce masa, "Na ɗan'uwana ne. Shi ya ba ni."

Na tashi na je na sa hannu.